Yadda ake tsara kundin doka idan gyara ya shafi wasu jihohi kaɗai

Kundin dokar laifuka ta Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, ya fara aiki a ranar 30 ga Satumba, 1960, a matsayin doka ɗaya ga dukkan Jihar Arewa. A yau, lauyan da ya ambaci wani sashe nasa a gaban Babbar Kotun Maiduguri dole ne ya fayyace kundin wace jiha yake nufi, domin dokar ta rabu gida-gida.

Asalin rabuwar shi ne ƙirƙiro jihohi. A 1967 aka kafa Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, a 1976 aka fitar da Borno daga cikinta, sannan a 1991 aka cire Yobe daga Borno. Kowace sabuwar jiha ta gaji dokokin da ta tarar. Sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da ci gaban irin waɗannan dokoki, ya ɗauki waɗanda suka shafi hurumin jiha tamkar majalisar jihar ce ta kafa su. Saboda haka gyaran da majalisar wata jiha ta yi ba ya tsallake iyakarta.

Jihar Kaduna misali ce. Ta kafa sabon Final Kod nata a 2017, inda lambobin sassa suka sauya: hukuncin fyaɗe, wanda ke sashe na 283 a tsohon kundi, ya koma sashe na 258. A Satumban 2020 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sanya hannu a kan gyaran da ya tanadi dandaƙa ga wanda aka samu da laifin. Wannan gyara ba ya aiki a Borno. Duk mai tsara littafin doka da ya cusa shi cikin rubutun gama-gari ya ɓatar da mai karatu.

Haka lamarin yake ga wasu dokokin tarayya. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 sun fara aiki kai tsaye ne a Babban Birnin Tarayya, Abuja, inda sashe na 299 ya ba Majalisar Tarayya ikon yin doka irin na majalisar jiha. Sauran jihohi sai sun kafa nasu. Gwamna Babagana Umara Zulum ya rattaba hannu a kan dokar kare yara ta Borno a Janairun 2022.

Masu sabunta kundin dokoki a ma'aikatun shari'a suna bin ƙa'idoji sanannu. Da farko sukan tantance majalisar da ta yi gyaran, da yankin da ya shafa, da ranar da ya fara aiki kamar yadda aka buga a gazet. Idan an ƙara sabon sashe, sukan ba shi lamba da harafi, kamar 12A, don kada lambobin da ke biye su rikice. Sashen da aka soke kuwa akan bar gurbinsa tare da nuna dokar da ta soke shi. Inda littafi ɗaya ya haɗa jihohi da dama, akan jera kowane nassi daban da sunan jiharsa. Ikon mai tsarawa bai wuce daidaita rubutu ba. Sauya ma'anar doka aikin majalisa ne.

Kuskure a nan yana iya rusa shari'a. Sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulki ya haramta hukunta mutum sai da rubutacciyar doka da ta bayyana laifin da hukuncinsa, sashe na 36(8) kuma ya hana ɗora masa hukuncin da ya fi wanda ke aiki a lokacin da ya aikata laifin. Don haka kafin a shigar da tuhuma, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar da nassin da ke aiki a jihar, a ranar da abin ya faru.