Asalin Maƙerar Farfaru da Kayan Aikinta

Tun zamanin da, maƙeran ƙasar Hausa kashi biyu ne: akwai maƙeran baƙi, masu sarrafa baƙin ƙarfe su fitar da garma da fartanya da mashi, akwai kuma maƙeran farfaru, waɗanda hannunsu bai saba da kome ba sai zinariya da azurfa da tagulla da jan ƙarfe da dalma, su ne masu zobe da munduwa da awarwaro da 'yan kunne. Ko da yake sunan sana'ar ɗaya ne, wuta kuma ɗaya ce, al'amarinsu ya bambanta tun daga tushe, domin a da maƙerin baƙi yana samun tama a ƙasarsa, shi kuwa maƙerin fari galibin abin da zai narka sai ya jira ayari ya kawo masa shi daga nesa, kaɗan kaɗan, da tsada. Wannan ƙaranci shi ya tsara masa ɗakin aikinsa.

Matafiyin nan Ibn Battuta, da ya sauka Takedda a yammacin Azbin cikin shekarar 1353, ya ba da labarin yadda ake narka jan ƙarfe a can, a zuba shi sanda sanda, a kai shi Gobir da Barno. Azurfa kuwa mafi yawanta da siffar kuɗi ta iso, musamman liyari, wato kuɗin nan na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza, wanda aka ci gaba da bugawa da kwanan shekarar 1780, shekarar da ta rasu, har bayan da jikokinta ma suka shuɗe. Nauyinsa wajen giram 28 ne, kuma cikin kashi dubu nasa 833 azurfa ce tsantsa. Saboda ba ya sake nauyi ko inganci, fatake suka amince da shi daga Tarabulus har kasuwar Kurmi ta Kano, mata suka rataya shi a wuya, maƙera kuma suka mai da shi ma'adininsu, su jefa shi wuta ya fito mundaye.

Mutumin da duk jarinsa bai wuce abin da tafin hannu zai riƙe ba, ba ya bukatar fili mai yawa. Saboda haka maƙerar farfaru ba ta wuce kusurwar zaure ko rumfa a bakin kasuwa, inda maƙeri zai shimfiɗa buzu ya zauna a ƙasa, ya kafa 'yar ƙaramar uwar maƙera a cikin gungumen itace tsakanin ƙafafunsa, ya jera guduma da awartaki da magagari da madoshi inda hannu zai kai gare su ba tare da ya miƙe ba. A gefensa yaro ne, ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa, yana riƙe da zuga-zugi na fatar akuya, yana tura iska ta bututun yumɓu zuwa ramin da aka cika da gawayin ƙirya, wanda maƙera suka fifita don zafinsa da daɗewarsa. A tsakiyar garwashin kuma ɗan kaskon yumɓu ne da ƙarfen ke narkewa a ciki. Da zugi ake fara koyon sana'ar, kuma yaron da bai iya karanta launin wuta ba, ba a miƙa masa guduma.

Amma a ganina, kayan aikin da ya fi dukansu daraja shi ne mizani, dalili kuwa na shari'a ne. Malaman fiƙihu sun hukunta cewa ba a musayar zinariya da zinariya, ko azurfa da azurfa, sai da nauyi daidai, hannu da hannu, in ba haka ba an shiga riba. Nisabin zakka ma da awo aka ƙayyade shi, miskali 20 na zinariya ko dirhami 200 na azurfa. Don haka duk wanda ya kawo ƙarfensa a ƙera masa, a gaban idonsa ake auna shi, a kuma sake aunawa ranar karɓa, ladan aiki daban. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajirai ke karantawa a zaurukan malamai, ya halatta wa namiji azurfa a zobe da takobi da Alƙur'ani, bai halatta ta a linzami da sirdi ba; ko an kiyaye wannan a bargar kowane basarake, Allah ne masani.

A Agadas maƙeran Buzaye sun shahara da zubi. Sukan siffanta abin wuya da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sa'an nan su ɗura narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ta huce a fasa yumɓun, a bi ta da magagari, a zana mata ado. Da wuya kuma abu ya kammala a hannun mutum guda, domin takobi sai baduku ya ɗinka masa kube, abin wuya kuma sai an haɗa shi da murjani ko duwatsun gilashi irin na Masaga, masu aikin gilashi a Bida.

Zuwan Turawa ya sauya abin da ke shiga kaskon. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya riƙa kawo waya da fallayen tagulla da tarkacen ƙarafa. A 1913 aka fara fitar da sulallan azurfa na Afirka ta Yamma, waɗanda da yawansu suka bi hanyar da liyari ya bi, har zuwa 1920 da hukuma ta maye gurbinsu da na gaurayen tagulla. Daga baya, a manyan birane, maƙerin zinariya ya tashi daga buzu ya hau kujera, ya sami tebur mai ramin da ke tare ɓarɓashin ƙarfe, wutar gas ta karɓi aikin zuga-zugi, injin murza ƙarfe ya rage wa guduma wahala, sikelin lantarki ya zauna inda mizani yake. Sarƙoƙin da ake shigowa da su daga Dubai da Makka sun janye masu saye da yawa, har wasu shagunan suka koma gyara da wanki da narka tsohon gwal, alhali a ƙauyuka da unguwannin maƙeran Agadas har yau akwai masu aiki a ƙasa da gawayi.