Rana Plaza: Ranar da Aka Ƙi Jin Maganar Injiniya

Ranar 23 ga Afrilun 2013 bango ya tsage a Rana Plaza, bene mai hawa takwas a Savar ta Bangladesh. Injiniya ya duba, ya ce a fice. Banki da shagunan ƙasa suka rufe, amma manajojin kamfanonin ɗinki suka ce wanda bai dawo ba, ba albashi. Washegari wuta ta ɗauke, aka tada janaretoci, ginin ya rufta. Mutum 1,134 suka rasu, yawancinsu mata.

To 'yan uwa, ilimi bai gaza ba ranar nan. Mai ɗinkin ce ba ta da bakin cewa a'a. Sai bayan wannan rashi yarjejeniyar Mayun 2013 ta ba ma'aikata 'yancin ƙin aiki a wuri mai haɗari.