Finafinai a kan makasa na gaskiya: tarihinsu daga Turai zuwa ƙasar Damagaram

Waɗannan finafinai ne da ake ginawa a kan mutumin da ya taɓa rayuwa kuma ya yi ta kashe jama'a, ko a kan tabon da zalunci ke bari a jikin waɗanda suka tsira. Tarihinsu ya kusa kai shekara ɗari. A 1931 Fritz Lang ya fitar da "M" a Jamus, labarin mai kashe yara, a daidai lokacin da shari'ar makashi Peter Kürten ta cika jaridun ƙasar. A Ingila an yi "10 Rillington Place" a 1971 a kan John Christie. Amurka ce ta mai da abin kasuwa. "Monster" na 2003 ya bi rayuwar Aileen Wuornos, wadda ta kashe maza 7 a Florida tsakanin 1989 da 1990, bayan ƙuruciyar da ta sha cin zarafi a cikinta. An zartar mata da hukuncin kisa a 2002. Da Netflix ta fitar da shirin Jeffrey Dahmer a 2022, iyalan waɗanda ya kashe sun koka cewa an fama musu miki ba tare da an tuntuɓe su ba. Babban aibin wannan salo ke nan: makashi ya zama tauraro, mamata su zama adadi.

A Nijar makashin da silima ta fi bibiya ya zo ne sanye da kakin soja. A farkon 1899 kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine suka ja rundunar Faransa daga bakin kogin Kwara zuwa gabas, da nufin isa tafkin Chadi, suna ƙone garuruwa suna rataye mutane. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka yi wa Birnin Konni kisan kiyashi. Da labari ya kai Faris aka turo laftanar-kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojin rundunar suka kashe Voulet da Chanoine, kaburburansu na nan a Maijirgi. Sauran rundunar ta ci gaba ta yankin da Takieta take, ta yi yaƙi da dakarun Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga a Tirmini a ƙarshen Yuli, ta shiga Zinder, babban birninsa. Duk direban da ya taso daga Tasawa ya bi ta Takieta zuwa Zinder, kusan sawun wannan runduna yake takawa.

Fim na farko a kan wannan ta'asa shi ne "Sarraounia" na 1986, wanda Med Hondo ɗan Muritaniya ya shirya daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a 1987. Hondo ya nuna haukan Voulet ba sassauci, amma Sarauniya ya ba wa ragamar labarin.

A 2020 Rob Lemkin ya fitar da "African Apocalypse", inda Femi Nylander, ɗan Birtaniya mai tushe a Nijeriya, ya bi hanyar rundunar gari-gari tare da Amina Weira da Assan Ag Midal. Ƙarfin fim ɗin yana wurin dattawan ƙauyuka, waɗanda ke ba da labarin da kakanninsu suka bar musu kamar jiya abin ya faru, wasu da hawaye. Shekara 120 ba ta goge abin ba. Daga baya al'ummomin da abin ya shafa sun kai kokensu ga Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman Faransa ta amsa laifi ta biya diyya.

Aïcha Macky, haifaffiyar Zinder, ta juya kyamara zuwa zaluncin yau a fim ɗinta "Zinder" na 2021. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa masu cutar kuturta tun da daɗewa, ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira palais. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya bar daba ya koma sana'ar ɗaukar fasinja, ya faɗi da bakinsa irin ɓarnar da ya yi wa mata, kuma a fuskarsa ana ganin abin bai bar shi ya huta ba. Macky ba ta wanke shi ba, ba ta kuma ɓoye wariya da rashin aikin yi da suka rene shi ba. Matan da aka ci wa zarafi su ma sun yi magana, sun nuna tabonsu.

A wannan fanni finafinan da aka yi a kan Nijar sun fi na Amurka adalci, domin sun ba waɗanda aka zalunta bakin magana. Ya kamata a riƙa nuna su da Hausa a makarantun Takieta da Tirmini, inda jikokin masu tarihin suke zaune.