Soro da Tubali a Ƙasar Rano: Gini da Dokar Kiyaye Shi

Bayan gobarar da ta cinye birnin Landan a 1666, sai hukuma ta kafa doka a 1667, cewa kada a sāke gina gida a birnin sai da jan bulo ko dutse. Daga nan jerin gidajen bulo suka yaɗu a biranen Ingila. A 1947 kuma aka yi dokar da ta wajabta rubuta tsofaffin gine-gine cikin rajista, domin kada mai gida ya rushe su da son ransa.

A ƙasar Hausa gini ya bi wata hanya dabam. Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da maƙwabciyarta Kibiya, da tubali suka yi gininsu, watau curin ƙasa da a ke shanyawa a rana, ba a gasa shi. Magini ya kan jera tubalan da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindin bango da kauri, samansa da siranta. Sa'an nan ya rufe ɗakin da azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Da ya ke azara gajeriya ce, ba ta ƙetare babban zaure, shi ya sa a ke ɗaura bakan gizo ya ɗauki nauyin rufin.

Abin lura shi ne dangantakar gini da rini. A al'adance Kano da Rano su ne Sarakunan Baba, katsin da a ke kwasowa daga marina kuwa shi a ke haɗawa da gashin jima da dafara a yi laso, wanda ke hana ruwa ratsa soro. Ashe ke nan mutuwar marina ta taɓa magini.

Nijeriya ta sami dokar kayan tarihi a 1953, aka sa Gidan Makama na Kano da tsohon masallacin Bebeji cikin abubuwan da hukuma ke kiyayewa. Amma gidan bulo ya kan jure shekaru ba gyara, soro kuwa in ya rasa yaɓe damina kaɗan ke kayar da shi. Saboda haka rajista kaɗai ba ta isa ba. Wanda ke so soron Rano ya tsaya, dole ya fara da rayar da sana'ar magina, tun masu saninta na da rai.