Me ake nufi da kalmar "terror"?

Kalmar Ingilishi ta "terror" na nufin matsanancin tsoro, irin wanda kan ruɗa mutum har ya kasa motsi. Kalmomin Hausa mafi kusa da ita su ne firgici da razana.

Tushenta shi ne kalmar Latin ta "terrere", watau tsoratarwa, kuma ta shigo Ingilishi ne ta hanyar Faransanci.

Amfanin yau da kullum

Idan Bature ya ce "she screamed in terror", yana nufin ta kurma ihu saboda firgita. Likitoci na kiran firgitar da wasu yara kan yi cikin barci "night terror", yayin da uwa kan kira ɗanta mai ƙiriniya "little terror" cikin raha.

Daga tushe guda aka sami "terrified", watau wanda ya firgita, da "terrible", watau mummunan abu. Amma "terrific" ta sauya ma'ana, ta koma kalmar yabo.

A fagen siyasa

Kalmar ta shiga siyasa ne a lokacin juyin juya halin Faransa. Daga 1793 zuwa 1794 gwamnatin su Robespierre ta zartar da hukuncin kisa a kan mutane kimanin 17,000, zamanin da ake kira "Reign of Terror".

Daga nan ne aka sami "terrorism", wadda da farko take nufin gwamnati mai mulki ta hanyar firgita jama'arta. Daga baya aka fi danganta ta da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai.

Bayan hare-haren 11 ga watan Satumba na 2001, shugaban Amurka na lokacin, George Bush, ya ƙaddamar da "war on terror". A nan, fassarar da ta dace ita ce yaƙi da ta'addanci, ba yaƙi da firgici ba.

Sai dai laƙaba wa mutum sunan ɗan ta'adda abu ne mai jawo taƙaddama. Sai a 2008 ne Amurka ta cire sunan Nelson Mandela daga jerin waɗanda take sa wa ido kan ta'addanci.

Shi ya sa wasu kafofin watsa labarai, kamar Reuters, kan guji amfani da laƙabin, sai dai idan suna ambato wanda ya furta shi.