Littafin da ya fayyace yadda ake harhaɗa manhajar kwamfuta

Galibin manhajojin da ke aiki a cikin kwamfuta da wayar salula a yau ba mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ne ya rubuta su tun daga farko har ƙarshe ba. Harhaɗa su ake yi daga ɓangarori daban-daban waɗanda wasu mutanen suka riga suka rubuta, kamar dai yadda kamfanin ƙera motoci ke sayen taya a nan, batir a can, sa'annan ya haɗa mota.

Ɗaya daga cikin littattafan da suka fi yin tasiri wajen bayyana wannan salo shi ne wanda Clemens Szyperski ya rubuta da Turanci mai suna Component Software: Beyond Object-Oriented Programming, wanda kamfanin ɗab'i na Addison-Wesley ya fitar da shi ɗauke da kwanan shekara ta 1998.

Fiye da shekaru 25 ke nan da fitowarsa, kuma da dama daga cikin fasahohin da ya yi sharhi a kansu sun kwanta dama. Abin tambaya a nan shi ne, wane amfani ya rage masa?

Wane ne marubucin?

Szyperski ya yi karatun injiniya a birnin Aachen na ƙasar Jamus, kafin ya sami digirin digirgir a shekara ta 1992 a babbar cibiyar nazarin fasaha ta ETH da ke birnin Zurich na ƙasar Suwizalan. Malamin da ya duba aikinsa shi ne Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja na Pascal, kuma ya rasu a farkon shekara ta 2024.

Yana cikin waɗanda suka kafa wani ƙaramin kamfani mai suna Oberon microsystems a Zurich. Lokacin da littafin ya fito yana koyarwa ne a jami'ar fasaha ta Queensland da ke birnin Brisbane na ƙasar Ostareliya. A shekara ta 1999 kuma ya koma sashen bincike na kamfanin Microsoft a Amurka.

Bugun farko na littafin yana da shafuka sama da 400, kuma ya sami lambar yabo ta Jolt, wadda mujallar Software Development ke bayarwa a wancan zamani. A shekara ta 2002 an fitar da bugu na biyu mai shafuka kimanin 600, tare da gudummawar Dominik Gruntz da Stephan Murer.

Tsohon buri

Tunanin harhaɗa manhaja ya girmi littafin da shekaru 30. A shekara ta 1968, a wani taron masana da ƙungiyar tsaro ta NATO ta shirya a garin Garmisch na Jamus, Douglas McIlroy na cibiyar binciken Bell ya yi kira da a kafa masana'antar da za ta riƙa samar da ɓangarorin manhaja masu yawa, ta yadda mai buƙata zai zaɓi wanda ya dace da aikinsa maimakon ya zauna ya rubuta sabo.

A shekarun 1980 da farkon 1990 mutane da yawa sun ɗauka cewa wani salon rubuta manhaja da ya yi tashe a lokacin shi ne zai cika wannan buri. Salon yana kasa manhaja zuwa ƙananan abubuwa, kowane abu na riƙe da bayanansa da kuma ayyukan da yake iya yi. Harsunan C++ da Java sun ginu ne a kan wannan salo.

Sai dai kuma kasuwar da aka yi tsammani ba ta ci ba. Wurin da aka fara ganin ana saye da sayar da ɓangarori sosai shi ne a kewayen Visual Basic, wanda Microsoft ya fitar a shekara ta 1991, alhali masana da dama ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Wannan giɓi da ke tsakanin abin da aka yi hasashe da abin da ya auku shi ne littafin ya yi ƙoƙarin bayyana dalilinsa.

Abin da littafin ya ƙunsa

An kasa littafin kashi biyar. Ya fara da batun kasuwa, ya shiga tushen ilimin, ya yi sharhi a kan fasahohin kamfanoni, ya duba yadda ake tsara ginin manhaja baki ɗaya, sa'annan ya sake komawa kan kasuwa da irin sabbin sana'o'in da marubucin ke ganin za su ɓullo.

Babban abin da aka fi tunawa da shi shi ne ma'anar da ya bai wa ɓangaren manhaja, wadda ta samo asali daga wani taron ƙara wa juna sani da aka yi a birnin Linz na ƙasar Ostiriya a shekara ta 1996. A taƙaice, ba kowane guntun manhaja ne ya cancanci wannan suna ba. Dole ne a iya ɗaukarsa shi kaɗai a girka, dole ne wanda bai san marubucinsa ba ya iya haɗa shi da wasu, kuma dole ne ya bayyana a fili abin da yake bayarwa da abin da yake buƙata kafin ya yi aiki.

Wannan bayani da ke tsakanin mai ƙera ɓangare da mai amfani da shi, littafin ya ɗauke shi tamkar yarjejeniya. Idan mai amfani ya cika sharuɗɗan da aka gindaya masa, to wajibi ne ɓangaren ya cika alkawarin da ya ɗauka. Duk wani sharaɗin da aka bari a zuci ba a rubuta ba, shi ne yake zama tarko a gaba.

Alal misali, ran 4 ga watan Yunin shekara ta 1996 rokar Ariane 5 ta ƙasashen Turai ta tarwatse kimanin sakan 40 da tashinta na farko. Kwamitin bincike ya gano cewa an ɗauko wani ɓangaren manhaja daga tsohuwar roka Ariane 4, wanda aka rubuta bisa zaton cewa wani adadi da ya shafi gudun rokar ba zai wuce wata iyaka ba. Sabuwar rokar ta wuce iyakar. Ɓangaren ya yi shekaru yana aiki lafiya a inda aka yi shi dominsa, amma da aka sauya masa muhalli sai ya jawo asara.

Matsalar gado

Wani babin da har yanzu ake amfana da shi shi ne wanda ya yi magana a kan abin da masu rubuta manhaja ke kira gado. Wannan dabara ce da ke bai wa sabon guntun manhaja damar ya gaji halayen wani tsoho, ya ƙara nasa a kai.

Littafin ya nuna cewa dabarar tana da sauƙi matuƙar mutum ɗaya ne ke riƙe da magabaci da magaji. Amma idan kamfani ɗaya ya rubuta tushen, wasu kamfanoni kuma suka gaje shi, to duk ranar da aka taɓa tushen, ko da gyara aka yi da kyakkyawar niyya, ana iya rushe aikin magadan ba tare da an sani ba. Don haka marubucin ya fi karkata ga a jera ɓangarori kusa da juna, kowanne na miƙa wa ɗan'uwansa aiki ta ƙofar da aka amince da ita, ba tare da ya leƙa cikinsa ba.

Kazalika ya ja hankali ga wani ciniki da babu makawa sai an yi shi. Idan ɓangare ya dogara da wasu ɓangarori masu yawa, zai kasance ƙarami mara nauyi, amma wuraren da zai iya aiki za su ragu, domin sai an tanadar masa dukkan abokan tafiyarsa. Idan kuma ya ɗauki komai a cikinsa, zai yi nauyi ya kuma maimaita aikin da wasu suka riga suka yi.

Inda zamani ya wuce shi

Kaso mai tsoka na littafin ya tafi ne wajen kwatanta manyan tsare-tsare uku da ke gogayya da juna a wancan lokaci. Akwai CORBA na ƙungiyar kamfanoni ta OMG, wanda ya fara fitowa a shekara ta 1991. Akwai COM na Microsoft, wanda ya ɓullo a shekara ta 1993, da 'ya'yansa irin su ActiveX. Sai kuma JavaBeans na kamfanin Sun. Bugu na biyu ya ƙara da tsarin .NET, wanda Microsoft ya ƙaddamar a shekara ta 2002.

A nan ne tsufan littafin ya fi bayyana. Kamfanin Oracle ya saye Sun a shekara ta 2010. An cire CORBA daga cikin Java a shekara ta 2018. Manhajar shiga intanet ta Internet Explorer, wadda ActiveX ya fi dogara da ita, Microsoft ya yi mata ritaya a watan Yunin shekara ta 2022. Tsarin OpenDoc na kamfanin Apple kuwa, wanda littafin ya yi nazari a kansa, tun a shekara ta 1997 aka dakatar da shi. COM dai yana nan a cikin Windows, amma ba shi ne abin da sabon ɗalibi ke fara koya ba.

Bugu da ƙari, littafin ba na koyon aiki da hannu ba ne. Wanda ke son a kama hannunsa a nuna masa yadda zai rubuta ɓangare mataki-mataki ba zai sami biyan buƙata ba. A zamanin, masu irin wannan buƙata sun fi komawa ga littattafai irin su Inside COM na Dale Rogerson, na shekara ta 1997, da Essential COM na Don Box, na shekara ta 1998, waɗanda suka tsaya a kan fasahar kamfani ɗaya. Turancin Szyperski na malaman jami'a ne, kuma yana ɗauka cewa mai karatu ya riga ya ƙware a harshen rubuta manhaja aƙalla guda ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya san cewa marubucin yana da hannu a wasu abubuwan da ya yi sharhi a kansu. Tsarin BlackBox da ya kawo a matsayin misali na kamfanin da ya taimaka aka kafa ne, kuma lokacin bugu na biyu ma'aikacin Microsoft ne. Duk da haka littafin ya bai wa kowane tsari nasa babin, abin da ya bambanta shi da yawancin takwarorinsa.

Kasuwar da ta zo ta wata hanya

Szyperski ya dage a kan cewa fasaha kaɗai ba ta isa ba, sai an sami kasuwa mai yawan masu saye da za ta biya kuɗin ƙera ɓangare mai inganci. Har ma ya tattauna hanyoyin da mai ƙerawa zai iya samun kuɗinsa, ciki har da biya gwargwadon amfani.

Harhaɗawar ta tabbata fiye da yadda aka zata, amma ba ta hanyar ciniki ba. Yawancin ɓangarorin da ake amfani da su yanzu kyauta ake ɗebo su daga manyan rumbuna na intanet irin su npm da Maven Central, kuma da yawansu 'yan sa-kai ne ke kula da su.

Wannan ya bar tambayar da littafin ya tayar ba tare da amsa ba, wato wa ke da alhaki idan ɓangare ya gaza? A watan Maris na shekara ta 2016, wani mai rubuta manhaja ya janye wani ɗan guntu mai layi 11 kacal mai suna left-pad daga rumbun npm, lamarin da ya tsayar da aikin ɗimbin manhajojin da suka dogara da shi, wasu ma ba su san suna amfani da shi ba.

A watan Disambar shekara ta 2021 kuma aka gano wata kafa a cikin Log4j, wani ɓangaren kyauta da ake amfani da shi wajen adana tarihin abin da manhaja ke yi. Kafar na iya bai wa masu kutse damar sarrafa kwamfuta daga nesa. Kamfanoni da hukumomin gwamnati a ƙasashe da dama sun shafe makonni suna lalube, domin da farko sai sun gano ko ɓangaren yana cikin kayansu. Wake ɗaya, in ji masu iya magana, shi ke ɓata gari.

Tun kafin wannan, a watan Mayun shekara ta 2021, fadar shugaban Amurka ta fitar da wani umurni kan tsaron intanet, wanda ya ƙunshi batun samar da jerin dukkan ɓangarorin da ke cikin manhajar da ake sayar wa gwamnati. Wannan kusan shi ne abin da littafin ya nema tun farko, wato kada a ɓoye abin da manhaja ta dogara da shi.

Wa zai amfana da shi?

Ga ɗalibin da ya fara koyon rubuta manhaja, littafin zai yi masa nauyi, kuma ba zai koya masa kayan aikin da ake nema a kasuwa a yau ba.

Amma ga ɗalibin babban digiri, da malamin jami'a, da injiniyan da aka ɗora wa alhakin tsara manhajar banki ko asibiti ko wata hukuma, kashi na ɗaya da na biyu suna nan da ƙarfinsu. Babin kwatanta fasahohi kuwa ya zama na tarihi, mai amfani ga wanda ya gaji tsohuwar manhaja da aka gina a kan COM ko CORBA kuma aka ce ya ci gaba da kula da ita.

Ga wanda zai nemi littafin, bugu na biyu na shekara ta 2002 shi ne ya fi cika.