Hasken Ruwa da Yawan Jinsunan Kifi a Tafkunan Gabashin Afirka

Karfasar da masunta ke kamawa a kogunanmu tana da dangi masu tarin yawa a manyan tafkunan Gabashin Afirka. Masana sun kiyasta jinsuna kusan 250 na wannan dangi a Tafkin Tanganyika, kimanin 500 a Tafkin Biktoriya, a Tafkin Malawi kuma wajen 800. Galibinsu ba a samunsu a ko'ina sai a tafkin da suke. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa muhalli ne ke riƙe da wannan bambanci, kuma idan muhallin ya lalace, jinsunan kan narke cikin juna.

Hujja ta farko tana cikin ƙwayoyin gado. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa bambancin gado tsakanin jinsunan Malawi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tafkin Biktoriya ma ya ƙafe kimanin shekara 15,000 da suka wuce, don haka ɗaruruwan jinsunansa sun rarrabu ne cikin ɗan lokaci.

Amma a siffa sun yi nisa da juna. Wani na kankarar gansakuka a jikin duwatsu, wani na fasa dodon koɗi, wani na farautar ƙananan kifaye. A Tanganyika akwai mai cin ɓawon jikin sauran kifaye, bakinsa a karkace hagu ko dama. Masani Karel Liem ya bayyana a 1973 cewa muƙamuƙi na biyu da ke maƙogwaronsu shi ke tauna, sai bakin waje ya samu damar sauyawa daidai da irin abincin.

Abin da ke hana su cakuɗuwa shi ne idon mace. A Biktoriya, namijin Pundamilia pundamilia shuɗi ne, na Pundamilia nyererei kuma ja, mace kuma launi take dubawa ta zaɓi miji. A 1997 Ole Seehausen da abokan aikinsa sun nuna cewa inda ruwa ya gurɓace, launuka kan dushe, jinsuna su haɗu, yawansu ya ragu.

Wani zai ce giwan ruwa da aka saka a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ne ya yi ɓarnar. Gaskiya ne, bunƙasarsa a shekarun 1980 ta zo tare da ɓacewar jinsuna kusan 200. Sai dai giwan ruwa cinye kifi yake yi, shi kuwa gurɓataccen ruwa yana rushe hanyar da jinsuna ke bi su bambanta tun farko.

Saboda haka tsara dokar kamun kifi kaɗai ba ta wadatar ba. Dole Uganda, Kenya da Tanzaniya su tare zaizayar ƙasa da ƙazantar garuruwa da ke kwarara cikin tafkin.